Michel Legrand: makaɗin jazz ne ko mai rubuta kiɗan fim?

Tambaya: Na ci karo da sunan Michel Legrand a wurare biyu da ban zaci suna da alaƙa ba. Da farko na gan shi a bangon wani tsohon faifai tare da sunan Miles Davis, daga baya kuma na gan shi cikin jerin waɗanda suka ci kyautar Oscar saboda kiɗan fim. Shin mutum ɗaya ne? Idan shi ne, wacce ce ainihin sana'arsa, kuma me ya sa makaɗan jazz suke yawan buga waƙoƙin da ya rubuta domin fina-finai?

Amsa: Mutum ɗaya ne, Malam, kuma faifan da ka gani shi kansa ya ƙunshi rabin amsar tambayarka. Sunansa Legrand Jazz, an ɗauke shi a birnin New York cikin watan Yuni na 1958, lokacin Legrand yana da shekara 26. Idan ka duba bayan bangon da kyau za ka lura da abu biyu: babu waƙa ko ɗaya a cikinsa da shi ya ƙirƙira, sannan ba shi ne ya buga fiyano ba. Bill Evans da Hank Jones da Nat Pierce ne suka zauna a kujerar fiyano. Aikin Legrand a wannan faifai shi ne ya rubuta abin da kowane makaɗi zai buga, ya rarraba wa kayan kiɗa ayyukansu, sannan ya tsaya a gaba yana ba da umarni da hannu. A ganina nan ne ainihin gwanintarsa take, domin jazz ɗinsa ya fi ƙarfi a alƙalami fiye da a yatsu, kuma wannan alƙalamin ne ya ɗauka ya shiga da shi harkar fim ba tare da ya canja shi ba.

An haife shi ranar 24 ga Fabrairu 1932 a yankin birnin Paris. Mahaifinsa, Raymond Legrand, shugaban ƙungiyar makaɗa ne da ya yi suna a zamaninsa, amma ya bar gidan tun yaron yana ƙarami, saboda haka ba a hannunsa ya koyi sana'ar ba. Mahaifiyarsa 'yar asalin Armeniya ce, 'yar'uwar wani shugaban makaɗa mai suna Jacques Hélian, yayar Michel, Christiane, kuma ta zama mawaƙiya. Tun bai wuce shekara 11 ba ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Paris, inda ya yi kimanin shekara bakwai, kuma malamar da ta fi tasiri a kansa ita ce Nadia Boulanger, wadda ta koyar da Aaron Copland da Astor Piazzolla da Quincy Jones da Philip Glass. An san ta da tsanani. Ɗalibinta ba ya tsallake darasin jituwar sauti, wato sanin yadda layukan kiɗa biyu ko huɗu za su tafi tare kowanne da hanyarsa ba tare da sun yi karo ba, kuma ba ya fita daga hannunta sai ya iya rubuta kiɗan babbar ƙungiya a takarda yana jin sautin a kansa, ko da babu fiyano a kusa. (Fiyanon da nake nufi a duk wannan bayani shi ne babban na katako mai tsirkiyoyi a ciki, ba na lantarki da aka saba gani a sutudiyo ba.)

Jazz ya zo masa ne daga baya. A shekarun da Jamus ta mamaye Faransa sababbin faya-fayan Amurka ba sa shigowa, kuma a daidai wannan lokacin ne Charlie Parker da Dizzy Gillespie suke ƙirƙirar salon da ake kira bibop a New York, salo mai gudu da sarƙaƙiya. Saboda haka lokacin da Gillespie ya kawo babbar ƙungiyarsa zauren Pleyel na Paris a watan Fabrairu na 1948, matasan birnin sun ji abin da kunnensu bai taɓa ji ba. Legrand yana cikin masu sauraro, yana ɗan shekara 16, kuma ya sha faɗa cewa daren nan ne ya karkatar da shi. Abin lura shi ne ya shiga jazz da ilimin rubutun kiɗa cikakke a hannunsa, saɓanin yawancin makaɗan jazz na wancan zamani da suka fara da kunne kafin takarda.

Da ya gama makaranta sai ya shiga neman abinci ta hanyar raka mawaƙa da fiyano da kuma tsara musu kiɗa, irin su Henri Salvador da Catherine Sauvage, har ya zama mai kula da kiɗan Maurice Chevalier, wanda ya fara kai shi Amurka. A 1954 kamfanin Columbia ya fitar da faifansa I Love Paris, tarin tsofaffin waƙoƙi kan birnin Paris da ya sake wa tsari ba tare da murya ba. Faifan ya yi kasuwa matuƙa a Amurka, sai dai shi kuɗin aiki kawai aka biya shi sau ɗaya, ba shi da kaso a cinikin. Kamar yadda ya riƙa bayar da labari, kamfanin ya nemi ya saka masa ta hanyar ba shi damar yin duk faifan da ransa yake so, shi kuwa ya ce yana son manyan makaɗan jazz na New York. Ta haka aka yi Legrand Jazz.

Zama uku aka yi, kowanne da tawagarsa dabam. A zama na farko akwai Miles Davis da ƙahonsa, da John Coltrane da Phil Woods masu saksafon, da Bill Evans, da Paul Chambers mai babban gogen bas, da Herbie Mann mai sarewa, har da mai kaɗa hap, wato babban molon nan na Turawa mai tsirkiyoyi da yawa wanda ba a cika jin sa a jazz ba. Davis da Coltrane da Evans da Chambers su ne bayan kimanin wata takwas suka shiga sutudiyo suka fara ɗaukar Kind of Blue. Legrand ya ce an gargaɗe shi cewa Davis yakan zo a makare ya tsaya bakin ƙofa yana saurare, idan abin bai yi masa ba ya juya ya tafi ba sallama. Haka kuwa ya zo ya tsaya, akwatin ƙahonsa a rufe, ya saurari gwajin na ɗan lokaci, sannan ya shigo ya zauna ya buɗe akwatin. A wannan zama aka ɗauki 'Round Midnight ta Thelonious Monk da Django ta John Lewis da The Jitterbug Waltz ta Fats Waller da Wild Man Blues. Ka saurari Django da kunnen basira: hap da sarewa da ƙarafunan bibrafon ne suke shimfiɗa wata siririyar tabarma ta sauti, ƙahon Davis kuma yana tafiya a kanta a hankali, kuma za ka ji cewa wanda ya rubuta tsarin ya san Davis mutum ne mai son fili, bai cika masa wuri ba. A zama na biyu ya yi akasin haka, ya kewaye Ben Webster, mai kakkaurar muryar saksafon, da masu busa dogon ƙahon tirombon guda huɗu. Ga kowane mutum ya ɗinka riga daidai jikinsa, kuma wannan ɗabi'a ta rubuta kiɗa domin wani takamaiman mutum ita ce daga baya ta amfane shi da daraktoci da mawaƙa.

Shigarsa fim ta zo daidai da tasowar matasan daraktocin Faransa da ake kira Nouvelle Vague, waɗanda suke aiki da kuɗi kaɗan da sauri, ba su kuma son kiɗa mai nauyi irin na da. Ya yi wa Jean-Luc Godard fina-finai da dama, ciki har da Une femme est une femme a 1961 da Vivre sa vie a 1962 da Bande à part a 1964. A Vivre sa vie Godard ya nemi ya rubuta masa rauji guda da sauye-sauyensa masu yawa, amma da aka zo haɗa fim sai ya ɗauki ɗan guntu ɗaya kawai ya yi ta maimaita shi yana katse shi a tsakiya, kuma hakan ya dace da fim ɗin. Idan kana son ka ga fuskar Legrand a wannan zamani, ka nemi Cléo de 5 à 7 na Agnès Varda, shi ma na 1962, inda ya fito a matsayin Bob mai fiyano. Mawaƙiya Cléo tana jiran sakamakon gwajin asibiti, tana tsoron ciwon daji, sai ga Bob da abokinsa marubucin baiti sun zo gidanta gwajin waƙa suna ta barkwanci. Ya buga mata 'yan waƙoƙi na raha, sannan ya fara wata mai suna Sans toi. Da farko fiyano ne kaɗai a ɗaki, tana karanta baitin daga takarda. Sannu a hankali kyamara ta zagayo ta tsaya a fuskarta, bayanta ya koma baƙi ƙirin, sai ga sautin cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ya taso daga inda babu kowa, hawaye na zubo mata. Cikin minti biyu waƙar ta tashi daga gwaji a ɗaki ta koma abin da ke cikin zuciyar matar, kuma kiɗan ne ya yi wannan aikin, ba magana ba.

Amma mutumin da ya fi kowa dacewa da shi shi ne darakta Jacques Demy. Sun fara da Lola a 1961, suka yi La Baie des Anges a 1963, sannan suka yi aikin da har yau ake fara ambata idan an kira sunan ɗayansu, wato Les Parapluies de Cherbourg na 1964. A wannan fim babu kalma ɗaya da aka furta da magana, komai rerawa ake yi, tun daga gaisuwa har zuwa tambayar ko an gama gyaran mota. Furodusoshi da dama sun ƙi shi kafin Mag Bodard ta yarda ta nemo kuɗin. Tunda komai waƙa ne, sai da aka ɗauki dukkan kiɗa da muryoyi kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, sannan jarumai suka haddace suka riƙa motsa baki daidai da sautin, kamar yadda duk wanda ya saba kallon fina-finan Indiya ko na Kannywood ya sani, sai dai a nan tun daga farkon fim har ƙarshensa ake yin hakan. Muryar da kake ji daga bakin jarumar fim ɗin, Catherine Deneuve, ta Danielle Licari ce, ta uwarta a fim ɗin kuma ta Christiane Legrand ce, yayar Michel.

Labarin ba shi da wani ƙawa. Geneviève, 'yar mai shagon laima, tana son Guy, bakanike. Aka kira shi aikin soja a yaƙin Aljeriya, ya tafi ya bar ta da ciki, wasiƙunsa suka yi ƙaranci, uwarta ta matsa, ta auri wani attajiri mai fataucin lu'ulu'u. Abin da Legrand ya yi da wannan labari shi ne abin nazari. Fim ɗin yana buɗe maganarsa ne a garejin da Guy yake aiki da kiɗan jazz na babbar ƙungiya, mai ƙahoni da ganguna, kuma kanikawan suna rera hirarsu a kai, har ɗaya daga cikinsu yana cewa shi ba ya son opera saboda mutanen da ke ta rera waƙa suna damun sa, ya fi son silima. Wannan zolaya ce Demy da Legrand suke yi wa kansu. Hirar yau da kullum tana tafiya ne a kan jazz mai sauƙi da ke bin tashi da faɗuwar harshen Faransanci, sannan aka ajiye babban raujin soyayyar domin wurare ƙalilan, musamman rabuwa a tashar jirgin ƙasa. A ƙarshen fim, cikin Disamba 1963, bayan shekaru, ta tsaya shan mai a gidan man da Guy ya buɗe, dusar ƙanƙara na zuba, kowannensu da iyalinsa. Maganar da suke yi ba ta wuce ta sanyi da irin man da za a zuba da tambayar ko yana son ganin 'yarsa da ke cikin mota ba, kuma ya ce a'a. Amma a ƙarƙashin wannan busasshiyar hira raujin tashar jirgin yana tasowa, har bayan motarta ta wuce ya cika ko'ina da gogayya da muryoyi masu yawa. Mutanen biyu sun daina faɗin abin da ke ransu, kiɗan bai daina ba. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 1964, kuma rauji biyu daga cikinsa sun samu baitin Ingilishi daga Norman Gimbel suka zama I Will Wait for You da Watch What Happens.

Les Demoiselles de Rochefort na 1967 ya fi shi annashuwa, kuma ya fi shi kusanci da jazz zalla. Deneuve ta fito da yayarta Françoise Dorléac, wadda ta rasu a hatsarin mota 'yan watanni bayan fitowar fim ɗin, ga kuma Gene Kelly da George Chakiris daga Amurka. Wahalar da Legrand ya sha a nan ta dabam ce, domin Demy ya rubuta baitoci da yawa a tsohon ma'aunin waƙar Faransa mai gaɓa 12 a kowane layi, ma'auni mai daidaito da ke iya gundurar kunne, shi kuwa sai da ya nemi hanyar karya wannan daidaito da kiɗa mai tsalle ba tare da ya taɓa gaɓa ko ɗaya ba. Ni a wurina wannan ne mafi gwanintar rubutunsa na ƙungiya.

Yanzu ga sashen tambayarka na ƙarshe, wato dalilin da ya sa makaɗan jazz suke ɗaukar waƙoƙinsa. Makaɗin jazz ba raujin waƙa kaɗai yake nema ba. Abin da ya fi damun sa shi ne jerin kod da ke ƙarƙashinta, wato dunƙulen sautuka uku ko huɗu da hannun hagu ke dannawa tare, domin a kan wannan jeri ne zai ƙirƙiri nasa raujin nan take bayan ya buga na asali sau ɗaya. Idan jerin yana tsaye wuri ɗaya, ko yana tsalle ba dalili, ƙirƙirar takan yi wuya. Hanyar Legrand kuwa ita ce ya ɗauki ɗan gajeren zubi na sautuka, ya maimaita shi, amma kowane maimaici ya sauko ko ya hau mataki guda, kod ɗin ƙasa kuma kowanne yana jawo na gaba da shi kamar zoben sarƙa. Makaɗa suna kiran wannan tafiya da'irar biyar-biyar, domin tazarar sauti biyar ce tsakanin kowane kod da mai bi masa. Dabara ce da ta cika ayyukan Bach da Vivaldi, wadda ya haddace a ajin Boulanger, kuma ita ce ƙashin bayan bibop ɗin da ya ji a wurin Gillespie. Ya gane tun da wuri cewa a wannan gaɓa tsohon kiɗan Turai da jazz hanya ɗaya suke bi, sai ya kafa rumfarsa a wurin.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne The Windmills of Your Mind. Bayan ya koma Los Angeles a tsakiyar shekarun 1960, darakta Norman Jewison ya kira shi aikin The Thomas Crown Affair na 1968, fim ɗin Steve McQueen da Faye Dunaway. Jewison da mai haɗa masa hoto, Hal Ashby, suna da hotuna na sa'o'i da yawa, sun rasa yadda za su tsara su. Legrand ya ba da shawarar da ta saɓa wa al'adar Hollywood: a bar shi ya je ya rubuta kiɗa bisa abin da ya gani ba tare da awon daƙiƙa ba, sannan a yanka hoton a kan kiɗan. Aka yi haka, kuma shi ya sa fitowar da jaruman biyu suke wasan dara na ces, kusan babu magana, take tafiya kamar rawa. Ita waƙar an yi ta ne domin fitowar da McQueen yake shawagi a jirgin sama marar inji yana ta kewaya. Idan kana da fiyano a kusa, gwada ta: zubi ɗaya ne na sautuka masu tsawo iri ɗaya, yana hawa ya sauko, sai ya sake farawa daga mataki na ƙasa, haka har ƙarshe, ba ta da amshi na dabam da za a ce an huta a kansa, kuma idan ta zo ƙarshe sai ka tarar ta komo inda ta fara. Alan da Marilyn Bergman, mata da miji da suka rubuta baitin Ingilishi, sun cika shi da siffofin abubuwa masu juyawa saboda abin da raujin da kansa yake yi ke nan. Noel Harrison ne ya rera ta a fim, ta ci Oscar ta waƙa a bikin 1969, Dusty Springfield ta sake rera ta a wannan shekara, Eddy Marnay kuma ya yi mata baitin Faransanci da sunan Les Moulins de mon cœur. Masu kunne sun daɗe da lura cewa farkonta ya yi kama da sashe na biyu na Sinfonia Concertante ta Mozart, kuma gaskiya ne kamannin yana nan, sai dai bayan layin farko kowa ya kama gabansa.

Irin wannan gini ne ya ja hankalin Bill Evans ga waƙar matuƙin jirgin ruwa Maxence ta cikin Les Demoiselles de Rochefort, wadda su Bergman suka mayar You Must Believe in Spring. Evans ya ɗauke ta a 1977 tare da Eddie Gomez da Eliot Zigmund, faifan kuma bai fito ba sai 1981, bayan rasuwarsa. Ban san wata fassara ta kiɗan Legrand da ta fi wannan zurfi ba, har da waɗanda shi da kansa ya buga. Miles Davis ma ya ɗauki Once Upon a Summertime a faifan Quiet Nights, wadda asalinta tsohuwar waƙar Legrand ce ta Faransanci, La Valse des lilas. Haka What Are You Doing the Rest of Your Life? ta fim ɗin The Happy Ending na 1969, da The Summer Knows ta Summer of '42, wanda ya kawo masa Oscar ta biyu, duk sun shiga cikin waƙoƙin da kowane makaɗin jazz yake sa ran za a nema a wurinsa. Oscar ta uku ta zo ne da fim ɗin Yentl na Barbra Streisand, na 1983.

To, shi kansa a kan fiyano fa? A nan sai na faɗi ra'ayina ko da wasu masoyansa ba za su so ba. Yatsunsa suna da gudu da tsabta irin na wanda aka horar tun yarinta, yana da raha, kuma faifan da ya ɗauka kai tsaye a gidan kiɗan Shelly's Manne-Hole na Hollywood a 1968, tare da Ray Brown a bas da Shelly Manne a ganguna, ya isa hujja cewa zai iya zama da manya ba tare da ya ji kunya ba. Kusan duk abin da ke cikinsa nan take aka ƙirƙira, kuma Brown da Manne ba mutanen da ke ɗaga wa kowa ƙafa ba ne. Amma yana da halin cika wuri, idan ya sami dama sai ya zuba ado a kan ado, ya shigo da salon Bach ya fita da na Art Tatum cikin layi ɗaya, har mai sauraro ya shagala da gwanintar ya manta da waƙar. Filin da ya bar wa Miles Davis a takarda ba kasafai yake bar wa kansa shi ba. Idan fiyanon jazz tsantsa kake nema daga Faransa, Martial Solal, wanda ya yi kiɗan À bout de souffle na Godard, ya fi shi zurfin ƙirƙira. Claude Bolling ma, wanda ya yi kiɗan Borsalino a 1970, ya haɗa sana'o'in nan biyu kamar Legrand, sai dai shi ya fi karkata ga tsohon salon Duke Ellington. Abin da babu ɗayansu da ya kamo Legrand a kai shi ne rubuta raujin da zai fita daga fim ya rayu shi kaɗai.

Dole kuma a faɗa cewa mutumin da ya yi kiɗan fim da talabijin sama da 200 ba zai rasa na banza a ciki ba. Wasu ayyukansa na shekarun 1970 da 1980 zaƙinsu ya yi yawa, gogayya ta lulluɓe komai, kuma kiɗan da ya yi wa fim ɗin James Bond, Never Say Never Again, a 1983 bai gamsar da mutane da yawa ba. Wanda yake zaton iyakarsa ke nan sai ya saurari The Go-Between na Joseph Losey, na 1971, wanda shi ma ya ci babbar kyautar Cannes. Kiɗa ne mai kaifi da sanyi, fiyano na sara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, an gina shi kan ɗan zubi ɗaya da ake ta juyawa, babu lallashi a cikinsa ko kaɗan, har darakta Todd Haynes ya sa aka sake tsara shi domin fim ɗinsa May December a 2023.

Duk tsawon shekarun Hollywood bai saki jazz ba. A 1972 ya yi faifai da Sarah Vaughan, ya yi wani da Stan Getz, a 1975 kuma ya yi Images da Phil Woods, wanda ya kawo masa kyautar Grammy biyu daga cikin biyar da ya samu a rayuwarsa. Shi da Miles Davis sun sake haɗuwa bayan fiye da shekara 30 a kiɗan fim ɗin Dingo na darakta Rolf de Heer, inda Davis ya fito a matsayin jarumi, kuma yana cikin ayyukansa na ƙarshe kafin rasuwarsa a Satumba 1991. Legrand ya taɓa ba da umarnin fim da kansa, Cinq jours en juin na 1989, ya rubuta kiɗan wasan kwaikwayo na waƙa Le Passe-muraille, ya yi faifai da mawaƙiyar opera Natalie Dessay a 2013, a 2014 kuma ya auri jaruma Macha Méril, wadda ya fara haɗuwa da ita a Burazil shekara 50 kafin nan.

Game da abin da za ka fara saurare, tunda Legrand Jazz ya riga ya zo hannunka, ka fara da shi, sannan ka kalli Les Parapluies de Cherbourg gaba ɗayansa a zama guda maimakon ka tsinci waƙoƙinsa ɗaya-ɗaya, domin raujin ƙarshe ba ya yin aikinsa sai ga wanda ya ji shi a tashar jirgi tun farko. Bayan nan ka ji waƙar Maxence kamar yadda take a fim, ka bi ta da ta Bill Evans nan take, za ka ji da kunnenka abin da na yi ta bayani a kan jerin kod. Daga ƙarshe ka nemi kiɗan The Other Side of the Wind. Orson Welles ya ɗauki wannan fim a shekarun 1970 bai gama shi ba har ya rasu a 1985, kuma Legrand ya riga ya yi masa kiɗan F for Fake. Da aka zo kammala fim ɗin bayan shekaru masu yawa, Legrand aka kira, ya rubuta kiɗan yana da shekara 86, yawancinsa jazz. Fim ɗin ya fito a Netflix cikin Nuwamba 2018, shi kuma ya rasu ranar 26 ga Janairu 2019 a Neuilly-sur-Seine, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise da ke Paris.